Buhun Birki da Ƙwallon Dalma: Yadda Ake Su a Inda Anka Ba Ta Kai Ƙasa

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau ruwa za mu shiga, kuma tsakiyar teku muka nufa, inda duk kusurwar da ka waiwaya ba ka hango tudu.

Kafin mu tashi, bari in tuna wa wanda ya taɓa wanka a dam ko a babban kududdufi da bazara wani abu. Ka faɗa ruwa da rana tsaka, kafaɗunka suna jin ɗumi kamar an sirka maka ruwan wanka, amma da ka miƙe ƙafa ƙasa sai yatsunka su taɓo wani sanyi da zai sa ka janye su da sauri. Ruwa ɗaya ne, wuri ɗaya ne, amma sama daban, ƙasa daban. To ku riƙe wannan, domin duk zancenmu na yau a kansa ya ginu.

Haka teku take, kamar gidan bene mai hawa da yawa. Rana tana dafa ruwan da ke sama, ruwan ɗumi kuwa bai kai na sanyi nauyi ba, sai ya zauna a bisa ya ƙi gauraya. A tsakaninsu akwai wani tsiri inda ɗumi yake yankewa cikin 'yan mitoci kaɗan. Mu kira shi shingen sanyi. Kowane kifi da hawan da ya fi so. Akwai kifin tuna mai rawayar ƙaya, wanda yawancin rayuwarsa a saman shingen nan yake yi. Akwai ɗan uwansa mai manyan idanu, wanda da rana yakan gangara ɗaruruwan mitoci ƙasa. Akwai kifin nan mai dogon baki kamar takobi, wanda da rana ana samunsa a zurfin mita 500 ko fiye, inda hasken rana ya kusa ƙarewa, da dare kuma ya hau sama. Allah Ya yi masa wata tsoka a bayan ido da take ɗumama masa idanu da ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake iya farauta a cikin sanyin da ke sa sauran kifaye kasala.

Me ke kawo shi sama da dare? Abinci. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu binciken sojojin ruwan Amurka suna aika ƙara cikin teku suna sauraron amsa-kuwwarta don gano jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa, sai suka riƙa ganin wani abu kamar ƙasan teku a inda taswira ta ce babu ƙasa. Abin mamaki, da magariba sai wannan ƙasa ta taso sama, da asuba ta koma. Daga baya aka gane ashe taron ƙananan kifaye ne da jatan lande da sauran halittu, masu ɓuya a duhu da rana, su hau kiwo da dare. Manyan kifaye kuma suna biye da su.

Saboda haka masuncin da ya fita tsakiyar teku da fatsa tambaya biyu ce a gabansa. A wane zurfi kifin yake yau? Kuma da wane irin sauri ya kamata koto ya gifta ta gabansa? Koto shi ne abincin da ake soka wa a ƙugiya, ko ɗan ƙarfen da aka ƙera ya yi kama da ƙaramin kifi. In ka kuskure zurfi da mita goma, ko ka wuce da gudu, to kana iya wuni a kan garken kifi ka koma gida hannu rabbana.

Mu fara da sauri. Ku zo mu tafi gaɓar jihar Fulorida a Amurka, daura da birnin Mayami. Mu ɗauka muna cikin jirgin su mai tsawon mita 15, mai inji biyu na dizal, da ɗaki a tsakiya, da hasumiya a samansa inda kyaftin yake hango ruwa. Mun yi tafiyar kilomita 30 daga gaɓa, rana ta faɗi, ƙarƙashinmu ruwa ne mai zurfin mita 400 zuwa 500. Kifi mai takobi muka zo nema. Kyaftin ya kashe inji.

Mutumin gulbi zai ce a jefa anka mana. To anka ba ta riƙe ƙasa sai igiyarta ta kwanta, wato sai tsawon igiyar ya ninka zurfin ruwan sau uku aƙalla, galibi ma fiye. A nan ke nan muna bukatar igiya ta fi kilomita ɗaya, ga wahalar jawo ta. Ba a yi. Dole jirgi ya tafi da ruwa.

Matsalar babban jirgi ita ce tsayinsa. Ɗakin nan da hasumiyar nan bango ne ga iska. Da an kashe inji, jirgin yakan juya ya ba iska haƙarƙarinsa, taguwar ruwa ta riƙa dukansa ta gefe yana tangaɗi hagu da dama, har ma'aikatan da suka saba su kama ƙarfe. Sannan iska ta yi ta tura shi a kan ruwa. Zaren fatsar da ka saka wa dalma don ya sauka mita 60, sai ka gan shi ya miƙe can nesa kamar igiyar shanya, koto ya taso kusa da sama, ya bar hawan da kifi yake.

Maganin wannan wani buhu ne. Amurkawa suna kiransa da sunan da ke nufin safar ƙafa, saboda siffarsa. Mu za mu ce masa buhun birki. Yadi ne mai ƙarfi na nailan, an ɗinka shi kamar mazurari, baki mai faɗi, gindi tsukakke da 'yar kafa a ƙarshe. An ɗaura wa bakin igiyoyi da suka haɗu a wuri ɗaya, a kan wani ƙarfe mai juyawa don kada igiya ta murɗe. A saman bakin akwai abin da ke sa shi iyo, a ƙasan bakin akwai ɗan nauyi, don ya buɗe da kansa da zarar ya shiga ruwa. Na ƙananan jirage bakinsa bai fi mita ɗaya ba. Irin jirgin da muke ciki kuwa nasa ya fi kama da laimar da sojoji suke dirowa da ita daga jirgin sama, faɗinta mita 4, ko 5, ko fiye.

Duk wanda ya taɓa jan guga ya san sirrin. Guga ba komai cikinta yaro ma ya ɗaga, amma da ta cika a cikin rijiya sai ka sa ƙarfi. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. Laima mai faɗin mita 5 in ta buɗe a cikin teku ta rungumi ruwa mai nauyin tan da dama, kuma duk inda iska take son kai jirgi sai ta ja wannan ruwan tare da shi. Wani lissafi da ya kamata mai saye ya sani shi ne, in ka ninka faɗin baki sau biyu, riƙon ya ninka sau huɗu. Shi ya sa buhun da ya yi wa jirgi kaɗan wahala ce kawai, a jiƙa shi a banza a shanya.

Dabarar tsohuwa ce. A shekarar 1785, Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ƙasar Amurka, ya rubuta bayanin wata anka mai iyo a cikin ruwa, mai buɗewa kamar laima, don jirgin da guguwa ta tarar a inda anka ba ta kai ƙasa. Yau kuma in ka je tekun Japan da dare, za ka ga jirage cike da fitilu suna kamun wata halitta mai hannuwa goma da ake kira sikwid. Kowannensu ya saki babbar laima a gabansa, ya ɗaga ɗan ƙyallen iska a baya, don zarurrukansa su sauka a miƙe kada su sarƙe.

Mu koma jirginmu. Yaron jirgi yana tsaye a goshin jirgi, ta ɓangaren da iska take fitowa. Ya riga ya ɗaure ƙarshen igiya a turken ƙarfe, ya duba ƙafafunsa ya tabbata babu wadda take cikin naɗin igiya. Ya fara jefa ɗan balan-balan mai ɗauke da siririyar igiya, sannan ya zura laimar a hankali. Kyaftin daga sama yana cewa, "Saki kaɗan-kaɗan, bar iska ta ja mu baya." Laimar ta nutse, ta kumbura a ƙarƙashin ruwa kamar farin kumfa a hasken fitila. Igiya ta miƙe, ruwa yana tsartuwa daga jikinta. Sai ka ji jirgin ya ja numfashi, goshinsa ya juyo a hankali ya fuskanci iska. Tangaɗin gefe ya tsaya. Kofin shayin da yake ta zamewa a kan tebur ya zauna wuri ɗaya. Yanzu ana iya sakin fatsa huɗu, ɗaya a mita 30, ɗaya a 60, ɗaya a 90, ɗaya ƙasa da haka, kowace da 'yar fitilarta kusa da koto, kowace ta tsaya a hawan da aka aike ta.

A nan ne nake so ku kasa kunne sosai, domin nan mutane da yawa suke ruɗewa. Buhun birki iska yake yi wa birki. Ba ya yi wa gudun ruwa komai. Yana cikin ruwan ne, in ruwan yana tafiya, da shi da jirgin da koton duk tare za su tafi. Kuma a daidai inda muke ɗin nan akwai wani kogi a cikin teku da ake kira Galf Sitirim, yana gudu zuwa arewa kilomita 5 zuwa 7 a awa, ɗauke da ruwan da ya ninka na dukkan kogunan duniya a haɗe. A shekarar 1513 jiragen wani ɗan Sifaniya, Ponce de Leon, suka shiga cikinsa, iska mai kyau tana tura su gaba, amma da suka dubi gaɓa sai suka ga baya suke yi. To mu ma da muka saki laima muka ji shiru kamar mun tsaya cak, kafin asuba mun yi kilomita 40 ko 50 daga inda muka fara. Kyaftin na ƙwarai ya san da haka tun kafin ya fito, ya lissafa mansa a kai, kuma idonsa na kan na'urar da ke nuna masa inda yake, yana kuma duban hanyar manyan jiragen dakon kaya, domin jirgin da ke ɗaure da laima ba ya kaucewa da sauri. Tafiya da ruwan ma ita ake so. Koto yana tafiya daidai da abincin kifi na gaskiya, ba abin da zai sa kifi ya yi zargi.

Sai batun ɗaukowa. Kada wanda ya yi gigin jawo laima ta igiyar bakinta, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wannan siririyar igiyar mai balan-balan a gindin laimar aka ɗaura ta. Jirgi ya matsa a hankali, a kamo balan-balan ɗin, a ja, sai laimar ta kife ta zubar da ruwanta ta taho kamar jiƙaƙƙen zane. Abin tsoro ɗaya ne, kada igiya ta shiga farfela. In ta naɗe farfela a tsakiyar teku da dare, jirgi ya zama gungume.

Buhun yana da wani aiki kuma. Manyan injinan dizal ba su iya tafiyar hawainiya ba. Jirage da yawa ko an rage wuta har ƙarshe sai sun yi kilomita 8 ko 10 a awa. Wanda yake jan ɗanyen kifi mai rai a matsayin koto kuwa, kilomita 2 zuwa 4 yake so, in ya wuce haka kifin ya galabaita ya mutu. Sai a rataya buhu biyu masu girma ɗaya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta gaba, da gajeriyar igiyar da ba za ta bari su kai ga farfela ba. In ka sa ɗaya kaɗai, jirgi zai yi ta karkata gefe guda, matuƙi ya wuni yana kokawa da sitiyari.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna tsakiyar teku ne muna duba yadda masunta a manyan jirage suke sarrafa sauri da zurfi. Mun gama da sauri, saura zurfi.

Wannan labari ya fi daɗi in an faro shi daga tafkin Mishigan, a arewacin Amurka. Tafki ne na ruwan daɗi, amma girmansa ya kai murabba'in kilomita 58,000, zurfinsa a wani wuri mita 281, har manyan jiragen dakon kaya suna nutsewa a cikinsa. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce tafkin ya lalace. Wata halitta mai kama da matsattsaku ta shigo daga teku ta magudanar da aka haƙa wa jirage, ta ƙarar da manyan kifayen tafkin. Wani ɗan ƙaramin kifi shi ma baƙo ya samu fili ya yaɗu ba mai cinsa, har a shekarar 1967 mushensa ya rufe gaɓar birnin Shikago, aka riƙa kwashewa da katafila saboda wari.

Tun kafin wannan, shugaban sashen kifi na jihar Mishigan, Howard Tanner, shi ya kawo shawarar a ɗauko kifin samon daga gaɓar tekun Fasifik a zuba, ya cinye baƙon. Aka kawo ƙwai daga jihar Oregon, aka ƙyanƙyashe, a watan Afrilun 1966 aka saki 'ya'yan a kogin Platte. Da kakar 1967 suka dawo manya-manya, mutane suka yi ca da ƙananan jiragensu, har da waɗanda ba su taɓa shiga babban ruwa ba. Ranar 23 ga Satumba na wannan shekara guguwa ta taso ta tarar da su a ruwa, jirage da dama suka kife, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa. Na kawo wannan ne don a san cewa buhun da muka gama zancensa, bayan su, kayan ceton rai ne ga jirgin da injinsa ya mutu cikin iska, domin jirgin da ya fuskanci taguwa da goshi ya fi wanda ya ba ta haƙarƙari tsira.

To samon kifin ruwan sanyi ne, ya fi son wajen digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyas. Da rani ya yi, saman tafki ya ɗumama, sai ya gangara ƙarƙashin shingen sanyi, mita 20, mita 30, wani lokaci fiye. Yaya za ka kai masa koto can alhali jirgi yana tafiya? In ka ɗaura dalma mai nauyi a zaren fatsa, in kifi ya kama da dalmar za ka yi ta kokawa, ba ka ma jin motsinsa. Masuntan kasuwa na gaɓar Fasifik sun daɗe suna sauke manyan dunƙulen dalma a kan wayar ƙarfe da inji. Masu fatsa na tafkin suka ɗauki wannan dabara suka ƙanƙanta ta, da farko a gida da abin da ya samu, daga baya kamfanoni irin su Big Jon da Cannon da Scotty na ƙasar Kanada suka shiga ƙerawa. Daga nan ta bazu zuwa teku, inda ake neman tuna da ita, da wani babban ɗan uwan kifin nan da muke saya a kasuwa muna ce masa taitus.

Mu kira ta na'urar nutso. A gefen jirgi ta baya ake ɗaure ta da kusoshi. Tana da wili wanda aka naɗe wa siririyar waya ta ƙarfen da ba ya tsatsa, da hannu mai tsawon kamar mita ɗaya da ya leƙa kan ruwa, da 'yar taya a ƙarshen hannun inda wayar take bi ta sauka. Akwai mita mai ƙirga tsawon wayar da ta fita, akwai birki. Wata da hannu ake juya ta, wata da batir. A ƙarshen wayar an rataya ƙwallon dalma mai nauyin kilo 4 zuwa 7, wani mulmulalle, wani mai siffar kifi. A jikin ƙwallon ko kusa da shi akwai ɗan maƙali, kamar wanda mata suke maƙale wanki da shi a igiya. Wannan ɗan maƙalin shi ne zuciyar aikin.

Ga yadda ake yi. Jirgi yana tafiya a hankali. Ka saki koto a bayan jirgi, mita 10 ko 20 ko 30, gwargwadon yadda kifin yake da tsoro da kuma garai-garai ɗin ruwa. Sai ka kama zaren fatsar ka maƙala shi a bakin maƙalin. Ka sassauta birki, ƙwallo ya fara sauka yana jan zaren tare da shi, idonka a kan mita. Ta nuna 30, ka tsayar. Ka sa sandar fatsa a maƙallinta, ka naɗe sauran zare har sandar ta lanƙwashe kamar baka. Sai jira. Wayar tana wani siririn kuka a cikin ruwa.

Alamar kamu a nan ta saɓa wa abin da mai fatsar gulbi ya sani. Shi in kifi ya kama sandarsa ƙasa take yi. A nan kuwa sandar da take a lanƙwashe sai ta zabura ta miƙe tsaye, domin kifi ya fizge zaren daga bakin maƙali. Yaron jirgi ya yi tsalle ya zare sandar, ya naɗe zaren da ya saki da sauri har ya ji nauyi. Daga nan shi da kifi ne kawai, babu dalma a tsakaninsu. Wani kuma ya yi maza ya jawo ƙwallon sama, don in kifi ya zagaya wayar, zare zai tsinke nan take. Daidaita ƙarfin maƙalin kuwa sai hannun da ya saba. In ya yi sako-sako, taguwa kaɗai ta isa ta ɓalle shi. In ya yi tauri, ƙaramin kifi zai kama ka yi ta jansa awa guda ba ka sani ba.

Na ce muku buhu ba ya riƙe gudun ruwa. To ita ma mitar nan tana da tata gazawar. Tsawon waya take faɗa maka, ba ta san zurfi ba. Jirgi yana tafiya, ruwa yana tura wayar da ƙwallon baya, sai wayar ta karkace. In ka saki mita 30 wayar ta karkace da digiri 30, ƙwallonka yana wajen mita 26 ne. In ta karkace da digiri 45, yana wajen mita 21. Wato mita tana ce maka 30, kotonka yana mita tara sama da kan kifi. Ƙara gudu kaɗan, abin ya ƙaru sosai, domin turin ruwa in sauri ya ninka biyu shi sau huɗu yake ninkawa. Wani lokaci ma ruwan ƙasa yana gudu wata fuska daban da na sama, ka ga wayar ta yi gefe alhali jirgi a miƙe yake tafiya. Akwai na'urori da ake ratayawa kusa da ƙwallon su aiko da labarin sanyi da sauri daga can ƙasa, kuma suna da amfani ƙwarai. Amma a ganina, duk tsadar na'ura ba ta kai idon ma'aikacin da ya iya duban karkatar waya ya ce a ƙara dalma, ko a rage wuta, ko a juya a bi ruwa. Da igiyar laima da wayar dalma da zaren fatsa, kowace tana ba da labarin abin da ke faruwa a inda ido ba ya kaiwa, ga wanda ya koyi karanta ta.

Nan ne kayan biyu suke taimakon juna. Buhu ya rage gudu, waya ta miƙe, ƙwallo ya kai inda aka nufa. Sai dai a raba musu wuri, buhu a gaba, na'urar nutso a baya, kuma kada a yi kwana mai kaifi, don wayoyin dama da hagu za su haɗu a ƙarƙashin jirgi su sarƙe.

Kashedi kaɗan. Kada a kama wayar da hannu tsirara, tana yanka har ƙashi. Kada a ɗaure birki tamau, domin in ƙwallo ya maƙale a dutse gara waya ta zube da a tumɓuke na'urar daga jikin jirgi, kuma a ajiye almakashin yankan waya kusa da hannu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙwallo mai kilo 7 yana lilo a iska jirgi yana rawa, ya isa ya farfasa yatsu, don haka a bar shi cikin ruwa har sai an shirya karɓarsa. Dalmar kanta guba ce. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010. Ina roƙon masuntanmu masu narka dalma don yi wa birgi nauyi, don Allah a yi a fili, nesa da yara da tukunyar abinci, a wanke hannu kafin a ci.

Wani zai tambaya ko waɗannan kaya za su yi aiki a ruwayenmu. A tafkin Chadi na'urar nutso ba ta da abin yi, ruwan bai wuce 'yan mitoci ba. A manyan madatsai masu zurfi irin Kainji da Volta, inda ruwa yake rabuwa sama da ƙasa a lokacin zafi, sanin hawan da kifi yake yana da amfani, domin ruwan can ƙasa yakan rasa iskar shaƙa, kifi ya guje shi. Buhun birki kuwa duk telan da ya iya ɗinkin tanti zai iya yinsa, kuma 'yan uwanmu da ke aiki a jiragen su a Legas da Tema da Takoradi, in jirginku ba shi da shi, ku yi wa mai jirgi magana.

Saura abu ɗaya. Kowace mita goma da aka sauka a ruwa, matsi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu gaba ɗaya. Kifayen da suke zaune a gindin duwatsu suna da wata jakar iska a ciki. In aka fizgo irin wannan kifi daga mita 30 ko 40, iskar ta kumbura, idanunsa su firfito, tumbinsa ya leƙo ta baki. In bai kai girman da doka ta yarda a ɗauka ba aka mayar da shi, ba ya iya nutsewa, sai ya yi ta yawo a sama har tsuntsu ko babban kifi ya ɗauke shi. Tun watan Yulin 2020, hukumar Amurka ta wajabta wa jiragen da ke kamun irin waɗannan kifaye a gaɓarta ta kudu maso gabas su riƙe abin mayar da kifi ƙasa, mai nauyin da ya kai kusan rabin kilo da igiyar da ta kai mita 18. Wasu masu jirage sai suka ga ai suna da abin da ya fi haka a ɗaure a gefen jirgi. Akwai wani maƙali da ake kama leɓen kifin da shi, wanda matsin ruwa ne yake buɗe shi in ya kai zurfin da aka saita. A rataya shi a ƙwallon dalma, a sassauta birki, mita tana ƙirgawa, goma, ashirin, talatin. Iskar cikin kifin ta koma yadda take, maƙali ya buɗe, wayar ta ɗan yi girgiza, a jawo ƙwallo shi kaɗai.

Masu sauraro, lokaci ya cimma mana. A madadin wanda ya haɗa mana sauti da sauran abokan aiki, nake cewa Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Masu shiga ruwa, Allah Ya fid da ku. Assalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]